Jingar Zakari Rasha

Malam Abdulmannan ya riga ya yi ritaya daga aikin gona na gwamnati, yana zaune a Haɗeja yana kiwon 'yan tumakinsa, aka zo nemansa wai ana buƙatar mai jin Rashanci. A duk faɗin garin shi kaɗai aka sani. Tun yana saurayi aka tura shi Krasnodar koyon noman shinkafa, zamanin Tarayyar Sobiyet, ya dawo da harshen a bakinsa, ya yi ta ajiyarsa shekara da shekaru ba abokin hira.

Mutumin da aka kai shi wurinsa sunansa Zakhar Pletnev. Dogo ne kakkaura, furfura ta fara cin kansa, in yana saurare sai ya karkata kai kamar mai ciwon kunne. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu ba, suka mai da shi Zakari Rasha. Attajiri ne na gaske. Da takin zamani ya fara, lokacin da ƙasarsu ta wargaje ana ta sayar da masana'antun gwamnati, shi da wani abokinsa suka kama guda ɗaya. Daga nan suka shiga harkar jiragen ruwa, daga nan hatsi. Takin ne ya fara kawo shi Nijeriya. Da aka zaga da shi fadamar Haɗeja ya ga ruwa kwance ga baƙar ƙasa, sai ya ce a nan zai noma shinkafa.

Ranar farko da Abdulmannan ya gaishe shi da Rashanci, Zakari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Manan, kana magana kamar rediyon kakata," in ji shi. "Masu irin wannan maganar duk sun mutu a can."

Daga ranar suka saba. Kamfanin Zakari ya karɓi hayar ƙasa mai faɗi tsakanin Auyo da kogi, aka kafa injin casar shinkafa, samari suka samu aiki. Don kada ambaliya ta ci gonar, aka kawo katafila ta tara ƙasa ta yi doguwar jinga ta ɓangaren kogi, mai faɗin da babur ke gudu a kanta. A ƙasan jingar, ta gabas, akwai wani ƙauye, Garin Bunu.

Shekarun farko lafiya lau. Sai wata damina ruwa ya zo da ƙarfin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin da kogin ke bi, ruwan ya rasa wurin wucewa. Jingar ta tsaya daram, ko ɗigo bai shiga gonar ba. Ruwan ya bi gefenta ya gangara Garin Bunu da hantsi, mutane na gona. Aka yi ta kwasar mata da yara a kwalekwale zuwa bakin titi. Wata tsohuwa, Inna Bintu, har an sa ta a jirgi ta ce ta bar awakinta a ɗaure, ta sauka ta koma. Washegari aka ga awakin a kan jinga suna kiwo, ba igiya a wuyansu. Ita kuwa ba a sake ganinta ba.

Da ruwa ya janye, mutanen Garin Bunu suka koma kan wani tudu suka sake gini, suka kuma shigar da ƙara kotu, suka ce jingar kamfani ce ta juyo musu da kogi. Kamfanin ya ɗauko wata lauya daga Kano, Barista Zulfa, wadda ta tsaya a kan cewa kachala ce ta jawo, kuma ambaliyar ta ci garuruwan da ba su taɓa ganin jinga ba. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, yau a ɗaga, gobe a ɗaga. A daidai lokacin kuma tsohon abokin Zakari ya maka shi a wata kotu a Landan, yana cewa ya cuce shi a rabon masana'antar takin. Zakari ya riƙa kai da kawo tsakanin kotunan biyu, kullum ya dawo ya ƙara ramewa.

Sai ya shiga kyauta. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ke kewaye, ya raba kwalekwale ga masunta, ya ɗauki nauyin karatun 'yan mata a makarantar ungozoma, ya fara gina asibiti a sabon Garin Bunu. Wasu suka ce toshiyar baki ce. Wasu suka ce ko ma mene ne, ruwan rijiyar dai ana sha. Abdulmannan, wanda shi ke fassara a duk wurin rabo, bai iya yanke wa kansa ko wanne ne ba. Abin da ya lura da shi kawai, mutumin ba ya tsayawa a yi masa godiya. Ana fara kirari zai nufi mota.

Wata safiya cikin rani suka hau jinga duba injinan ban ruwa. Suna cikin tafiya Zakari ya tsaya cak, ya kama hannun rigar Abdulmannan.

"Manan, wace ce waccan?"

A gindin jingar, ta ɓangaren tsohon garin, wata mata ce tsaye da doguwar sanda. Sai ta soka sandar a ƙasa, ta jingina da ita, ta zare, ta matsa gaba kaɗan ta sake sokawa. Fuskar Zakari ta yi fari fat. A kotu an taɓa miƙo hoton Inna Bintu, ya riƙe shi ya daɗe yana kallo.

"Ba ita ba ce," in ji Abdulmannan. "'Yarta ce, 'Yar'azumi. Suna kama sosai. Bandar kifi take yi a kasuwa. Duk ranar da ba ta da aiki nan take zuwa."

"Me take nema?"

Abdulmannan ya kau da kai, suka ci gaba da tafiya.

Tun daga nan Zakari ya mai da hawan jingar al'ada. Ya kan tsaya daga nesa yana kallonta, ita kuma ko ɗaga kai ba ta yi. Wata rana suna komawa mota ya ce, cikin sanyin murya, "Ɗayar fa? Ita ma 'yarta ce?"

"Wace ɗayar?"

"Wadda ke binta a baya. Ba ta da sanda. Kallon ƙasa kawai take."

Abdulmannan ya waiwaya. Mace ɗaya ce a filin, sai balbelu can nesa. Ya karanta abin da ya sawwaƙa a zuci, ya ce wa direba su tafi. Bai gaya wa kowa ba, ko iyalinsa. Amma daga ranar, in sun hau jinga, ya kan sami kansa yana duban bayan matar maimakon ita kanta.

Ranar buɗe asibiti gari ya cika, aka yi jawabai, Bulama Ari na Garin Bunu ya yi godiya a takaice, don har lokacin shi ne jagoran masu ƙara. 'Yar'azumi ba ta zo ba. Da taro ya watse Zakari ya ce a kai shi wurinta.

Suka same ta a bayan kasuwar kifi, hayaƙi ya turnuƙe, tana juya tarwaɗa a kan waya. Ta gaida Abdulmannan da ladabi, ta sa aka kawo musu benci, amma ba ta bar aikinta ba. Zakari ya yi magana, Abdulmannan ya fassara. Ya ce zai gina mata gida, zai biya mata kujerar Makka, zai ɗauki nauyin 'ya'yanta har inda karatu ya ƙare. Ya ce ba don ta janye daga shari'a ba ne.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta goge hannu a zaninta.

"Baba, ka ce masa na gode. Gida ina da shi. Makka in Allah ya kira ni zan je. Innata ba a yi mata wanka ba. Ba a sa mata likkafani ba. Duk wanda ya mutu a garinmu an san inda aka kwantar da shi, ban da ita. Ruwan nan da ya zo, jikin jingarsa ya tara komai, itace da kwanon rufi da dabbobi, laka ta hau kai. Raina yana ba ni tana nan. Sandata ba ta kaiwa. In yana son ya yi mini wani abu, ya tona."

Abdulmannan ya mayar da maganar Rashanci, yana jin kalmomin suna yi masa nauyi a baki. Zakari ya karkata kai yana saurare, hayaƙin na shiga idonsa. Daga baya ya miƙe ya ɗan rusuna mata, suka tafi.

Da Barista Zulfa ta ji, a ranar ta kamo hanya daga Kano. Ta yi masa bayani da Turanci a ofishin injin casa har muryarta ta dushe, sannan ta juyo wurin Abdulmannan.

"Baba, don Allah ka gaya masa da harshensa, wataƙila ya fi ji. Duk abin da muka tsaya a kai shi ne jingar ba ruwanta da abin da ya faru. Ranar da ya sa shebur a gindinta yana neman gawa, ya amsa da hannunsa cewa a nan ruwan ya taru. Lauyan ƙauyen ba ya buƙatar wata shaida kuma. Mutanen Landan ma suna sa ido, za su ce yana lalata dukiyar da ake rigima a kanta."

Abdulmannan ya faɗa masa duka, bai rage ba. Zakari ya ce ya fahimta. Da lauyar ta fita shan iska, sai ya zauna a bakin tebur yana kallon taga.

"Garin kakata yana ƙarƙashin ruwa," in ji shi. "Gwamnati ta yi dam a kogin Volga, aka ce kowa ya tashi. Gidaje an kwashe, kaburbura aka bari. Ina yaro ta kan ɗauke ni a jirgi mu je tsakiyar ruwan, ta sa a tsaya, ta leƙa ta ce mini uwarta tana nan. Ni ba na ganin komai sai fuskata. Har ta mutu ba ta cin kifin wurin." Ya shafa fuskarsa. "Na yi abubuwa da yawa a rayuwata, Manan. Abin da abokina ke faɗa a Landan, rabinsa gaskiya ne, kuma bai taɓa hana ni barci ba. Amma wannan tsohuwar ta hana."

Aka fara tono a ƙarshen rani. Zakari ya so a kawo katafila, Bulama Ari ya hana, ya ce ƙarfe zai farfasa ƙashi. Saboda haka da shebur da diga da fartanya aka yi, mazan Garin Bunu da ma'aikatan injin casa kafaɗa da kafaɗa, mutanen da kwanan baya ko gaisawa ba sa yi. 'Yar'azumi ta kan zauna a inuwar wata giyayya da farin ƙyalle a cinyarta. Zakari kuma yana tsaye a rana, wuyansa ya yi ja, ya ƙi shiga inuwa.

Laka ta yi ta fito da abin da ta haɗiye. Turmi, tukwane, ƙofar langa-langa, keken ɗinki, ƙasusuwan jaki. Duk abin da ya fito sai wani ya gane nasa, a ajiye gefe. Da aka gama gindin jingar ba a same ta ba, sai wani ya ce ai gefen jingar ya zabtare lokacin ruwan, aka sake cike shi daga baya, wataƙila tana ciki. Zakari ya ce a shiga jikin jingar. Barista Zulfa ta ajiye aikin. Injiniyoyin kamfani suka zo suka ce gajimare ya fara haɗuwa, in ba a rufe ramin ba damina za ta same shi a buɗe. Zakari ya ce a ci gaba.

Wata rana da yamma 'Yar'azumi da kanta ta taso ta zo wurin Abdulmannan.

"Baba, ka ce masa ya isa. Ba ta nan."

Da aka faɗa masa, Zakari ya dubi bayanta, ba fuskarta ba, ya daɗe. Sannan ya ce, "To ina take?" Ba wanda ya fassara wannan.

Ba a kai ga rufe ramin da kyau ba ruwa ya sauko. Kogin ya shiga ta wurin ya bazu a gonar, ya shanye shukar shekarar gaba ɗaya. Tsohon filin Garin Bunu kuwa ruwan da ya kwanta a kansa bai kai gwiwa ba. Kowa ya gani da idonsa. Kotu ta ba mutanen ƙauyen gaskiya. Ba a jima ba kotun Landan ta sa aka riƙe dukiyar Zakari duk inda take, injin casa ya tsaya, aka sallami ma'aikata. Diyyar da aka yanke wa ƙauyen ma sai wani ɓangare ya fito, sauran ya maƙale a cikin rigimar.

Ranar da zai tafi, Abdulmannan ya raka shi har mota. Wata mata daga kasuwa ta kawo ƙunshin bandar kifi a takardar siminti, ta ce 'Yar'azumi ce ta aiko, a ba Bature.

"Ta ce wani abu?" in ji Zakari.

"Ba ta ce ba."

"Ta yafe?"

"Ban sani ba. Kifi dai ta aiko."

Ya rungume ƙunshin a ƙirjinsa, man kifin yana ɓata masa riga, ya shiga mota.

Da farko ya kan bugo waya. Ba ya tambayar gona ko injin, sai dai ya ce ruwa ya kai ina bana, an ga wani abu? Muryarsa ta riƙa canjawa, wani lokaci sai ya yi shiru a layi har Abdulmannan ya ɗauka ya katse. Daga baya aka ji an tsare shi a wata ƙasa, ana shari'ar ko za a mayar da shi gida. Wayar ta daina shigowa. Asibitin ya ci gaba da aiki da ungozoma ɗaya cikin 'yan matan da ya biya wa karatu. Jingar kuma ciyawa ta rufe ta, makiyaya na bi ta kai. Abdulmannan bai sake hawanta ba.

Bayan wasu shekaru, cikin rani, masu yankan kachala can ƙasa wajen Guri suka ci karo da ƙasusuwan mutum a cikin saiwoyi. Labari ya zo Haɗeja, don an san akwai masu nema. Bulama Ari ya ɗauki mota, shi da 'Yar'azumi, suka biya ta gidan Abdulmannan suka ce ya zo, tun da da shi aka fara.

Mutanen wurin sun tattara ƙasusuwan a kan tabarma a inuwa, sun rufa da buhu. Ba zane, ba awarwaro, ba abin da za a gane. Wani dattijo ya ce daga ƙugun dai mace ce. Ya kuma ce a shekarun nan ba gari ɗaya ba ne ya rasa mutum a ruwa. 'Yar'azumi ta durƙusa ta ɗaga buhun, ta daɗe tana kallo. Ta taɓa ƙashin hannu da yatsa ɗaya.

"Ita ce?" in ji Bulama a hankali.

"Ban sani ba, Bulama. Wallahi ban sani ba." Ta mayar da buhun. "In ba tawa ba ce, ta wani ce. A yi mata sutura."

Ta kwance bakin zaninta ta ba da kuɗi aka sayo farin yadi a kasuwar garin. Matan wurin suka taya ta, aka naɗe, maza suka yi salla suka kai maƙabarta. Ita ta zauna a gidan mai gari tare da mata har suka dawo. Ba ta yi kuka ba, amma da za ta tashi sai da aka kama ta.

A hanyar komawa, da suka hango gadar Haɗeja ta ce, "Baba, Baturen nan yana da rai?"

"Rabona da jin muryarsa an daɗe."

"In ka same shi, ka ce masa an binne wata."

Da aka sauke shi a ƙofar gida, Abdulmannan ya zauna a kan dakali ya nemo tsohuwar lambar ya buga. Muryar wata mata ta na'ura ta amsa da Rashanci, ta ce ba a samun mai wannan lamba. Ya bari ta maimaita. Sannan ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, a hankali, da Rashanci, ya ƙara da sunan garin da aka yi jana'izar. Ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki buta, don an fara kiran la'asar.